Satin da Injiniya Ya Gyara Mana Titi

Maigidana ya taɓa aiki da wani kamfanin gina hanya na tsawon sati uku. Aikinsa shi ne riƙe bakin igiyar awo, wani ya ja ɗaya bakin ya karanta lamba. A sati na uku ya saki igiyar ya tafi gaisawa da abokinsa, aka sallame shi. Ya dawo gida da hular kwano ruwan ɗorawa, wadda har yau ban tabbatar ba shi aka yi ba. Shekara goma sha tara ke nan, amma duk titinmu Injiniya ake ce masa, shi kuma yana amsawa da ƙarfinsa.

Titinmu shi ne babban titin garin. Ba wani faɗi gare shi ba, in mota biyu suka haɗu sai direbobin sun gaisa kafin su wuce. Amma abin da ka nema ka rasa a nan, to babu shi a garin. Shaguna goma sha ɗaya ne a jere, kowanne da launin ƙofarsa. Mai Aski shuɗiya, rediyonsa ba ya hutawa. Mai Kemis koriya. Mai Faci baƙa, ko da yake ba fenti ba ne. Tawa ja ce, ina sayar da zare da allura da zif da maɓalli. A gaban shagona akwai bishiya, ƙarƙashinta benci, a kan bencin tsofaffi uku da suka san duk wanda ya sauka daga bas da abin da ya kawo shi. A nan bas take tsayawa, taku bakwai daga ƙofata. Mace ta sauko, ta tuna rigar ɗanta ba maɓalli, ta leƙo. Da wannan leƙowar nake riƙe da Auta, 'yata ta ƙarshe, a makarantar koyon jinya. Saura mata shekara guda ta gama.

Wata Asabar da safe aka manna takarda a jikin sandar wuta. Na matsa na sa yatsa, don ni karatuna a hankali nake yin sa. Ban kai layi na biyu ba sai ga hannu ya wuce ta saman kaina ya ɓalle takardar.

"Baban yara, me ta ce?"

Ya miƙa ta nesa iyakar tsawon hannunsa, ya ƙanƙance ido. "Ofishin gari zai turo mutum ranar Alhamis ya duba titi. In bai gamsu ba, bas ta koma sabuwar hanya ta bayan gari."

Na waiwayi ƙofar shagona. In bas ta bar nan, sai dai in riƙa sayar wa tsofaffin benci zif.

"Ƙananan rubutun nan na ƙasa fa?"

"Surutun ofis ne."

"Bari in ɗauko maka tabarau."

"Tabarau na tsofaffi ne. Ni da na hango kuskuren inci guda a hanya mai mil arba'in?"

Tabaran nan Auta ce ta kai shi asibiti aka auna masa. Shekararsu biyu a cikin gwangwanin maɓallaina, bai taɓa ɗora su a hanci ba. Ya ninke takardar huɗu, ya cusa ta cikin hular kwano, ya kifa a kai. Ba wanda ya sake karanta ta.

Washegari ya tara masu shaguna a gindin bishiya, ya ɗare bencin, tsofaffin suka matsa gefe.

"Jama'a, titi fuskar gari ne, fuskarmu kuwa ba ta wanku ba. Ni na ga babban titi da idona a birni."

Mai Aski ya ce, "Daga bayan motar kwalta ka gan shi, kana rungume da shebur."

"Daga sama ai an fi gani. Babban titi launi ɗaya ne. Yana da wurin tsallakawa. Yana da ruwa mai tashi sama a tsakiya. Kuma shiru gare shi, ba wannan kasuwar tsuntsaye da muke yi ba."

"Ina takardar, mu ma mu gani?"

Ya ƙwanƙwasa hularsa. "Tana hannun masana."

Kowa ya dubi kowa. Kowa yana tsoron bas ta tafi, kuma ba wanda ke da wata dabara, ba kuma wanda ke da hular kwano. Aka ce to.

Ran Litinin ya samo fenti bokiti biyu, ruwan ɗorawa irin na hularsa. Da ya ga ba zai isa ƙofa goma sha ɗaya ba, sai ya yi ta tsinka shi da ruwa har ya koma kamar shayin da aka manta ba a sa wa madara ba. Ya sa aka sauko da allunan shaguna duka don a wanke. Da yamma ya ce shi kaɗai zai mayar da su, don ba wanda ya san daidaito sai shi. Ya kafe kowanne da ƙusa mai inci shida, ya mayar wa mai tsani tsaninsa a can ƙarshen gari.

Talata da safe bas ta sauke wani mutum kumatunsa a kumbure. Ya duba ƙofofi, duk iri ɗaya. Ya ɗaga kai ya bi allo, ya shige shagon Mai Aski ya zauna. Mai Aski ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, mutumin ya wangale baki.

"Malam, rufe. Ni a sama nake aiki."

"Haƙori ne, na can ciki."

"In na sa aska a can ciki, ba haƙorin kaɗai zai fita ba."

A daidai lokacin wani ya shiga wurin Mai Kemis, ya cire hula, ya zauna a kan kwali. "A rage gefe, a bar tsakiya."

Mai Kemis mutum ne mai sanyi, magana ɗaya ya iya. Ya dubi kan mutumin ya daɗe, sannan ya ce, "Ɗaya da safe, ɗaya da yamma."

Ni kuwa ina jera zare sai na ga taya ta gangaro ta tsaya a ƙofata, mai ita yana biye.

"Mama, a yi mini faci."

"Ɗana, da zare ko da maɓalli?"

Na fita na ɗaga kai. Allon Mai Faci ne a saman ƙofata, har da hoton taya. Nawa yana can kan ƙofarsa, wata mata tana tsaye tana nuna masa siket, shi kuma yana riƙe da sifana yana neman inda zai ɓuya.

Na sami maigidan. "Baban yara, allunan nan fa sun cakuɗe."

Ya ja baya taku uku, ya ƙanƙance ido. "Duk a miƙe suke."

"A miƙe suke, amma ba a gidajensu ba."

"A birni ma haka ake yi, don kasuwa ta zaga. Ke dai kin cika tsoro. Zo ki riƙe mini igiya."

Wurin tsallakawa zai zana. Ya kama bakin igiyar awo ya tsaya ƙyam, ƙirji a waje, kamar mai ɗaukar hoto. Na ja ɗaya bakin zuwa tsallake.

"Karanta lamba."

"Ai kai ne injiniyan."

"Injiniya ba ya karanta lamba. Riƙewa yake yi."

Na karanta masa abin da na gani, ya gyaɗa kai, bai yi amfani da shi ba. Ya samo farin fenti, ya zana fararen layuka masu faɗi. Sun fara daga ƙofata lafiya lau, sai suka riƙa karkacewa a hankali kamar masu jin barci, suka ƙare daidai bakin kwata, inda murfinta ya karye tun bara.

Mai Aski ya fito ya duba, hannu a ƙugu. "Ya yi kyau. Mutum ya tsallaka lafiya, ya faɗa kwata lafiya."

"Wanda ya san tsari zai yi tsalle."

Farin fentin na mai ne, mai kauri, kuma ya rage. Da tsofaffin suka tafi cin abincin rana, sai ya shafe bencin da shi. Bai gaya wa kowa ba. Suka dawo suka zauna kamar kullum. Da bas ɗin ƙarfe uku ta iso, suka yunƙura gaba ɗaya za su ga wa ya sauka, bencin ya yunƙura tare da su.

Babban cikinsu ya ce, "Ku koma mu yi shawara."

Suka koma. Suna nan har la'asar sakaliya, suna gaisawa da mutane kamar ba komai. Na kai musu ruwa ina ba su haƙuri, kamar in nutse.

"Kar ki damu, 'yata. Dama ba inda za mu."

A ƙarshe matansu suka zo da zannuwa, aka yi musu labule, suka zare jiki suka bar wandunan. Wanduna uku suka kwana a kan benci, a zaune.

Laraba ranar ruwa mai tashi sama ce. Ya gangaro da tsohon duro ya kafa a tsakiyar titi, ya huda murfin da ƙusa wuri ashirin. Ya ja tiyo daga tankin da ke saman shagon Mai Aski, ya aro injin Mai Wankin Mota ya haɗa a tsakani.

Mai Wankin Mota ya nuna masa wani abin murɗawa mai lambobi. "Injiniya, da injin nan nake wanke tirela. Kar ka wuce lamba ɗaya."

"Ni za ka koya wa lamba?"

"Mu gwada yanzu ina nan."

"Ba a gwada abin mamaki. Gobe za a gani."

Daga nan ya rataya usur a wuya ya bi gari ƙofa ƙofa. Gobe Alhamis kowa ya zauna a gida. Mai larura ya bi ta lungu. Masu talla su huta. Rediyon Mai Aski a kashe. Direban bas ya sauke fasinja a kwana, kafin ya shigo titi. Mai Wankin Mota ma ya zauna a gida, don kayan aikinsa ba su da tsabta. "In kun ji usur mai tsawo, an gama, ku fito ku taya ni murna."

Ni dai abin bai kwanta mini ba. Na kira Auta a waya.

"Mama, ki ba shi tabaransa."

"Ya ƙi."

"To ki ɓoye hular."

"Da ita yake wanka."

Ta yi dariya har da tari. Na ce ta yi karatunta kawai, komai lafiya. Da na ajiye wayar na zauna ina lissafa wa zan je in roƙa ya ba ni rumfa a sabuwar hanya, na rasa ko mutum ɗaya.

Alhamis ta waye. Shekarata ashirin da biyu a shagon nan, ran nan na fara jin ƙarar agogon bangona. Ba rediyo, ba mai talla, ba mai zagin wani daga tsallake. Ƙofofi goma sha ɗaya ruwan ɗorawa, benci fari da wanduna uku, duro a tsakiya. Titin ya yi kama da barandar asibiti bayan an kori masu dubiya. Maigidan kuwa ya sha guga, ya goge hula da man shafawa, yana kaiwa da komowa yana jiran babbar mota mai baƙin gilashi.

Bas ɗin ƙarfe takwas ta juye fasinjanta a kwana. Mace ɗaya ce ta ƙi sauka, direba ya kawo ta har tasha. Matsakaiciya ce, da lema da jaka da 'yar kujera mai ninkewa. Ta buɗe kujerar a gindin bishiya ta zauna.

Maigidan ya nufe ta. "Baiwar Allah, yau ba ranar zama ba ce. Muna jiran babban baƙo daga ofis."

"To, ni ma bari in jira shi."

"Ki jira shi a bayan bishiya. Kina ɓata tsari."

Ta ɗauki kujerarta ta koma bayan bishiya ba musu. Duk wanda ya leƙo titin, maigidan ya hura masa usur a gajarce, ya nuna masa lungu. Wata tsohuwa ta zo sayen magani, ya raka ta ta baya. Akuya ma da ta shigo sai da ya kora ta har kwana. Na lura in wani ya samu ya ratsa, sai matar nan ta danna wani abu a hannunta, ya ce ƙas.

Wajen ƙarfe biyu maɓallin hannun rigarta ya cire. Ta bi allo ta je wurin Mai Faci, ya nuno mata ni da sifana.

"Sannu, Mama. Allonki ya ce taya."

"Labarin da tsawo, 'yar uwa. Kawo hannun."

Ina ɗinka mata na ga abin da take riƙe da shi. Ƙarfe ne kamar kwaɗon ƙofa, da 'yar taga mai lambobi.

"Wannan fa na mene ne?"

"Mutane nake ƙirgawa. Ofishin gari ne ya turo ni. Duk wanda ya taka titin nan in danna. In an kai ɗari huɗu kafin ƙarfe huɗu, bas ta zauna. In ba a kai ba, ta koma sabuwar hanya. Ai an rubuta a ƙasan takardar sanarwa."

Allura ta shige yatsana, ban ma ji ba.

"Fenti fa? Tsabta fa?"

"Ba ruwana da fenti."

"Yanzu nawa ake?"

Ta juyo mini da tagar. "Goma sha bakwai. Shida daga ciki mai hular can ne, kafin in gane shi ɗaya ne yake zagayawa. Zan cire su. Mama, wata cuta ce ta shigo garin nan?"

"Ta shigo. A gidana take kwana."

Na suri gwangwanin maɓallai na fita da gudu, rabona da gudu tun Auta tana rarrafe.

"Baban yara, ita ce."

"Ita ce wa?"

"Baƙon. Ita ce baƙon. Mutane take ƙirgawa, kai kuma tun safe korarsu kake yi. Ciro takardar, ga tabarau, ka karanta ƙasan."

"Babban baƙo ba ya zuwa a bas."

Malamar ofis ɗin ta ƙaraso ta miƙa masa katin aikinta. Ya riƙe shi a juye, ya ƙanƙance ido, sai ya ƙame ya sara mata.

"Ranki ya daɗe, tun da kika sauko na gane ki. Gwada ki nake yi."

"Ka yi ƙoƙari. Bayan bishiyar akwai tururuwa."

Na kama hannun rigarsa. "Ka hura usur ɗin nan mutane su fito. Saura awa biyu."

"Tukuna. Ba a kiran jama'a kafin a buɗe aiki. Ranki ya daɗe, zo ki ga abin da babu shi a duk yankin nan."

"Ni mutane nake ƙirgawa."

"In kika ga wannan, ba za ki sake sha'awar ƙirga komai ba."

Ya ɗora usur a baki don ya zama a shirye, ya ja igiyar inji, ya kama abin murɗawar nan ya murɗa har sai da ya ƙi gaba.

Mai Aski ya leƙo. "Lamba nawa ka sa?"

Ya ɗaga yatsa ɗaya.

Gaskiya zan faɗa, na numfashi uku abin ya yi kyau. Ruwa ya tashi siriri siriri ta hudojin nan ashirin, rana ta haska shi, har na ji ƙwalla. Na ce a raina ashe mutumin nan ya iya wani abu. A numfashi na huɗu duron ya fara gurnani. Murfin ya kumbura kamar kumatun mai haƙorin nan. Maigidan ya ruga ya yi tsalle ya zauna a kai don ya danne. Murfin ya lotsa ciki, shi ma ya bi shi. Ya shige da mazaunai, gwiwoyinsa suka haɗe da haɓarsa, ƙafafu suna kallon sama. Ruwa ya riƙa fesowa ta kewayensa, shi yana tsakiya kamar fure a tukunya. Hular ta yi sama, ta sauka a kan sandar wuta, takardar sanarwa ta faɗo ta manne a goshin Mai Kemis.

Sai tiyo ya fizge daga gindin duron ya kama rawa. Ya yi gabas ya wanke Mai Aski, ya yi yamma ya wanke Mai Faci da siket ɗin da aka bar masa. Ya bi ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. Fentin nan da aka tsinka da ruwa ya ga ɗan uwansa, ya bi shi. Ruwan ɗorawa ya gangara titi, ya haye fararen layuka, ya faɗa kwata daidai inda aka zana masa. Shuɗiyar ƙofa ta fito, koriya ta fito, tawa ja ta fito kamar an yi mata wanka.

Usur kuwa yana bakinsa, gwiwa ta tokare haɓa, ya kasa tofar da shi. In ya ja numfashi usur ya yi kuka, in ya saki ya yi kuka. Usur mai tsawo, wanda ba a taɓa jin irinsa ba.

Mutanen da aka kulle tun safe suka ji alama. Suka fito ta kowane lungu, da masu goyo, da masu talla, da ma'aikatan da suka tashi, da tsofaffi uku cikin zannuwan matansu. Sun zo taya murna, suka tarar da abin da ya fi murna. Wanda ya gani ya koma ya kira na gida. Bas ɗin ƙarfe uku ta shigo, fasinja suka ce wa direba in ya sauke su a kwana sai sun yi ƙararsa. Ta bayanta ma ta tsaya, har waɗanda ba nan za su sauka ba suka sauka.

Ƙas, ƙas, ƙas, ƙas. Malamar ta hau kan kujerarta, lema a hannu ɗaya, tana dannawa.

Ba wanda ya iya kusantar injin, tiyo yana gadinsa, mai shi kuma an ce ya zauna a gida kuma gidansa ya fi na kowa nisa. Sai da tankin ya ƙare tas abin ya lafa.

Mai Aski ya matso yana ɗiga, ya zare usur daga bakin maigidan. "Ruwana na sati guda. Injiniya, lamba nawa ka ce ka sa?"

Murya ta fito daga tsakanin gwiwoyi. "Injin ne bai san lamba ba."

"Za ka fito ko a bar ka? Ka fi ruwan kyau."

"Ina duba cikin duron ne. Akwai kuskure a ƙirarsa."

Aka kwantar da duron. Mai Faci ya kawo ƙarafan cire taya da ruwan sabulu. Mutum huɗu suka riƙe duro, huɗu suka kama ƙafafu, tsofaffin suna ba da umarni uku daban daban. Aka tambayi Mai Kemis yaya za a ja kada a ji masa ciwo. Ya ɓare takardar daga goshinsa ya ce, "Ɗaya yanzu, ɗaya bayan ya huta."

Malamar ta sauko ta miƙo mini ƙarfen. "Mama, karɓi, babban yatsana ya mutu. Duk sabuwar fuska ki danna."

Na karɓa. Ina dannawa ina kallon agogo ta ƙofar shago. Sai wani tsoro ya sake kama ni.

"Malama, waɗannan fa 'yan kallo ne. Ofis zai karɓa?"

"An ce in ƙirga wanda ya taka titi. Ba a ce in tambaye shi me ya kawo shi ba." Ta dubi titin. Wani ya kunna rediyon Mai Aski. Masu talla sun baje. Mata biyar suna ƙofata suna jiran zare, ba wadda ta kalli allon taya. "Kuma duba, ba wanda ya tambayi hanya. Duk 'yan gida ne. Haka yake kullum?"

"In ban da duron."

Aka ja na ɗaya, bai motsa ba. Aka ja na biyu, sai ga shi ya fito da ƙara kamar an buɗe kwalba, masu ja suka zube a kan juna. Duk maɓallan rigarsa sun tafi. Jama'a suka yi ta tafi. Ya miƙe, ya riƙe wando da hannu ɗaya, ya ɗaga ɗayan yana amsa gaisuwa.

Ƙarfe huɗu daidai Malamar ta karɓi ƙarfenta ta duba. "Ɗari shida da goma sha biyu. In na cire shida na mai hula, har yanzu akwai rara." Ta ninke kujera, ta biya ni maɓallinta duk da na ce ta bari, ta hau bas daga tasharmu. Ni kuwa na zauna a benci tsakanin wanduna biyu. Allah ya so ni fentin ya bushe.

Bayan sati biyu aka manna sabuwar takarda a sandar wuta, ƙarƙashin hular, don har yau ba a samo tsani ba. Wannan karon kafin ya miƙa hannu na riga na ɗora masa tabarau a hanci, na ɗaure su da zare mai ƙwari ta bayan ƙeya.

"A gaban mutane?"

"A gaban mutum ɗari shida ka fito daga duro. Karanta, har ƙasa."

Ya karanta. Bas za ta ci gaba da tsayawa a titinmu. Ƙananan rubutun kuma sun ce daga yau ba wanda zai yi fenti ko zane ko aikin ruwa a kan titi sai da izinin ofis. Wannan layin a cikin maƙogwaro ya karanta shi.

Ya juya ya fuskanci jama'a. "To kun gani. Wa ya tara mutum ɗari shida cikin awa ɗaya? In ka bar mutane suna yawo tun safe, a warwatse za su zo. Sai ka kulle su, sannan ka sake su gaba ɗaya, kamar madatsar ruwa. Ilimin injiniya ne."

Mai Aski ya ce, "Shiga duron fa?"

"Yana cikin tsari."

Na bar su na koma shago zan kira Auta in gaya mata ta kwantar da hankalinta. Ya biyo ni, tabarau a hanci, yana kallon komai kamar baƙo. Ya kalli allon taya a saman ƙofata, ya buɗe baki, ya rufe. Ya kalli layukan da suka nufi kwata, ya yi gyaran murya. Sannan ya juyo ya dube ni, ya matso, ya daɗe yana duban gefen ɗankwalina.

"Maman yara, yaushe kika yi furfura haka?"

Na ce, "Daga Litinin zuwa Alhamis."